Yadda Ake Auna Nisan Wata, Rana da Taurari: Jagora ga Mai Karanta Labaran Sararin Samaniya da Turanci

Kusan duk wani sabon labari na binciken sararin samaniya da Turanci yake fara fitowa, ko daga hukumar NASA ta Amurka ko daga takwararta ta Turai, ESA. Ɗalibin da ke koyon Turanci yakan ɗauki irin wannan labari da zumuɗi, ya karanta layi biyu ko uku lafiya lau, sai ya ci karo da lamba mai sifiri tara haɗe da wani ma'auni da bai taɓa ji ba. Nan take gwiwarsa ta yi sanyi, ya ɗora wa Turancinsa laifi. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Baturen da aka haifa a Landan ma, in bai san yadda aka samo lambar ba, haddar ta kawai zai yi.

Abin da ke buɗe kai shi ne mutum ya saba yi wa kowace lamba tambaya biyu: da wane ma'auni aka faɗe ta, kuma ta wace hanya aka auno ta? Hanyoyin ba su da yawa, kowace ta dogara ne kan wadda ta gabace ta, shi ya sa masana ke kiran su tsanin nisa. Matakan ƙasa na wannan tsani kuwa kai ma za ka iya taka su. Ka tanadi littafin rubutu, da tef ɗin awo irin na tela, da miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita ɗaya, da kalkuletar da ke cikin wayarka.

Mataki na farko: daidaita lambobin tukuna

A Turanci *million* sifiri shida ne, *billion* sifiri tara, *trillion* sifiri goma sha biyu. Duk lokacin da ka ga ɗayansu, rubuta shi da sifiransa cikakku a gefen takarda har hannu ya saba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci su yi hattara a nan: abin da Bafaranshe ke kira biliyan yana da sifiri goma sha biyu, mai sifiri tara kuwa miliyar yake ce masa. Wanda ya ɗauki lambar Turanci da fahimtar Faransanci ya ninka ta sau dubu bai sani ba. Haka zancen waƙafi da ɗigo. A rubutun Turanci 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1.5 kuma ɗaya da rabi. A Faransanci waƙafin ne ke nuna ɗaya da rabin.

Sai mil da kilomita. Jaridun Amurka da mil suke magana, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. In ka karanta cewa rana tana nisan mil miliyan 93, ka ninka da 1.6, za ka samu kusan kilomita miliyan 150. Kada ka raina wannan. A watan Satumba na 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangaren injiniyoyi ya bayar da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauke shi a matsayin ma'aunin mita. Kumbon ya kusanci Mars fiye da kima, daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Akwai kuma ƙananan kalmomi uku da ke bin lamba a baya, su ne ke gaya maka abin da aka auna: *away* nisa ne daga inda muke, *across* faɗin abin ne daga wannan gefe zuwa wancan, *ago* kuma lokaci ne da ya shuɗe. Ja layi a ƙarƙashinsu duk inda ka gan su.

Mataki na biyu: auna duniyar da kake tsaye a kanta

Duk awon sama daga ƙasa ya faro. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wani masani Bagirke mai suna Eratostenis, wanda ke kula da babban ɗakin karatu na Iskandariya a Masar, ya samu labarin cewa a garin da yau ake kira Aswan akwai ranar da rana ke tsayawa daidai tsakiyar kai, abu a tsaye ba ya yin inuwa. A wannan rana da tsaka ya auna inuwa a Iskandariya, ya tarar hasken ya karkata da kusan digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Sai ya ce ashe tazarar garuruwan biyu kashi ɗaya ce cikin hamsin na kewayen duniya. Malaman Musulunci sun ci gaba da wannan aiki: Halifa Ma'amun ya tura masana saharar Sinjar wajen shekarar 830 su auno tsawon digiri ɗaya a ƙasa, Al-Biruni kuma a ƙarni na 11 ya fitar da girman duniya ta hanyar auna tsayin dutse da karkatar bakin sama daga ƙololuwarsa.

Ga yadda za ka maimaita shi. Kana buƙatar aboki a garin da ke arewa ko kudu da kai sosai, ba gabas ko yamma ba. Kano da Agadas sun dace ƙwarai, domin kusan a kan layi ɗaya suke, kuma tazararsu a miƙe, ba ta hanyar mota ba, kusan kilomita 555 ce.

Ku tsayar da rana ɗaya. Kowa ya nemi fili mai daidaitaccen daɓe, ya kafa sandarsa ta yadda mita ɗaya cif ne ke sama da ƙasa. Miƙewar sandar ita ce ran aikin: ɗaura ƙaramin dutse a zare ka sake shi kusa da ita, in sandar ta bi layin zaren, to ta miƙe. Tun wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ka fara sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyar. Za ka ga tana raguwa, ta tsaya, sannan ta soma ƙaruwa. Wannan gaɓa ladanai sun fi kowa saninta, ita ce tsayuwar rana gab da zawali. Inuwa mafi gajarta ita za ka auna, ba ta ƙarfe goma sha biyun agogo ba.

In kun yi a ranar 20 ko 21 ga Maris, lokacin da rana ke bisa layin ikwaita, na Kano zai samu kusan santimita 21, na Agadas kuma tsakanin 30 da 31. Don mayar da wannan zuwa kusurwa, zana alwatika a takarda: layin tsaye santimita 10, na kwance santimita 2.1, ka haɗa bakunansu, ka auna kusurwar sama da ma'aunin nan mai siffar rabin wata da ke cikin akwatin kayan lissafi. Za ka samu digiri 12. Na Agadas zai samu 17. Bambancin digiri 5 ke nan. Da'ira digiri 360 ce, in ka raba da 5 ka samu 72. Ninka 555 sau 72, amsa 39,960. Kewayen duniya ta kan dorayenta biyu, na arewa da na kudu, kusan kilomita 40,000 ne. Da sanda da tef ɗin tela kun iso gare shi.

Abu ɗaya za ku kiyaye: daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma cikin Agusta, akwai ranakun da rana ke ratsawa tsakanin garuruwan biyu, inuwar ɗaya ta fuskanci arewa, ta ɗayan ta fuskanci kudu. In haka ta faru, haɗa kusurwoyin za ku yi maimakon ɗebewa.

Mataki na uku: mayar da lokaci ya zama nisa

Da damina, in ka ga walƙiya, fara ƙirga sakan har ka ji tsawa. Sauti na cin kusan kilomita ɗaya a sakan uku, don haka sakan tara na nufin kilomita uku. Ka auna nisa ke nan da agogo. Masana sararin samaniya haka suke yi, sai dai da haske ko igiyar rediyo, waɗanda gudunsu ɗaya ne: kilomita 299,792 a sakan guda. Don sauƙin lissafi ka riƙe 300,000.

'Yan sama jannatin Apollo 11 sun bar wani faifan madubai a kan wata a watan Yulin 1969, na Apollo 14 da 15 suka ƙara wasu a 1971, motocin Lunokhod biyu na Tarayyar Sobiyet ma suna ɗauke da nasu. Har yau ana harba hasken leza daga ƙasa, ya bugi madubin ya dawo cikin kusan sakan 2.56. Yi lissafin da kanka: 2.56 sau 300,000 ya ba da 768,000, ka raba biyu tunda zuwa da dawowa ne, ka samu 384,000. Matsakaicin nisan wata kilomita 384,400 ne. Awon ya yi kaifin da har ya nuna wata na ja da baya daga gare mu da kusan santimita 3.8 kowace shekara.

Rana ba a harba mata leza. A 1961 aka yi nasarar aika igiyar rada, wato igiyar rediyo mai bugun abu ta juyo, zuwa Zara, wadda Turawa ke kira Venus, ta dawo. Tunda dokokin Kepler, masanin da ya gano ƙa'idar zagayen duniyoyi, sun riga sun bayar da yadda tazarar duniyoyi take in an kwatanta su da juna, samun tazara ɗaya a kilomita ya warware sauran duka. Daga nan nisan rana ya tabbata, kuma shi ne ma'aunin da za ka riƙa gani da harufa biyu, AU. A 2012 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsayar da shi a kan kilomita 149,597,870.7. Raba miliyan 150 da 300,000, ka samu sakan 500, wato minti 8 da sakan 20. Hasken da ke dukan goshinka yanzu tun minti takwas da suka wuce ya baro rana.

Wannan jinkiri shi ke juya akalar aikin kumbuna gaba ɗaya. Tauraron ɗan Adam na sadarwa irin NigComSat-1R, wanda aka harba a Disamban 2011, yana nisan kilomita 35,786 sama da ikwaita. Hawa da saukar saƙo na cin kusan kwatan sakan, yana cikin dalilan da ke sa wakilin talabijin ya ɗan yi shiru kafin ya amsa tambaya. Zuwa Mars saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ranar 18 ga Fabrairun 2021 da motar Perseverance ta sauka, jinkirin ya kai minti 11, saukar kanta kuwa minti bakwai ce. Kafin injiniyoyi su ji cewa ta shiga iskar Mars, ta riga ta dira. Ba mai iya tuƙa ta daga nan, dole kwamfutarta ta yanke hukunci ita kaɗai. Voyager 1, da aka harba ranar 5 ga Satumban 1977, shi ne abin da hannun ɗan Adam ya ƙera da ya fi kowane nisa. Saƙonsa na cin fiye da awa 23 kafin ya iso, kuma lissafi ya nuna watan Nuwamban 2026 ne lokacin cikarsa tafiyar yini guda na haske, kusan kilomita biliyan 26.

Yanzu *light-year* ba za ta ƙara ruɗa ka ba. Duk da kalmar shekara da ke cikinta, nisa ce: tafiyar da haske ke yi a shekara ɗaya. Fitar da ita da hannunka. Minti ɗaya sakan 60, awa 3,600, yini 86,400, shekara kusan miliyan 31.5. Ninka da 300,000, ka samu kusan kilomita tiriliyan 9.46.

Mataki na huɗu: fita fili ka taka shi

Lamba a takarda ba ta shiga jiki sai an taka ta da ƙafa, kuma malamin da ke da aji ya kamata ya fitar da ɗalibansa su yi wannan. Ajiye ƙwallon ƙafa a bakin fili, ka ce ita ce rana. A wannan sikeli duniyarmu ƙwayar gero ce a nisan mita 24. Jufita na mita 123, Neftun na mita 710, ya fice daga filin makaranta. Voyager 1, bayan tafiyar kusan shekara hamsin, yana wajen kilomita huɗu. Tauraro mafi kusa da rana kuwa, Proxima Centauri, sai ka yi fiye da kilomita 6,000 kafin ka ajiye tasa ƙwallon, tafiyar da ta kusa kai Kano zuwa Makka da dawowa. Da gudun Voyager na kilomita 17 a sakan, cin wannan tazara zai ɗauki kusan shekara 75,000. A nan rada da leza suka ƙare, sai wata dabarar.

Mataki na biyar: babban yatsa da tsallen taurari

Miƙe hannunka gaba ɗaya, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon hagu, ka daidaita yatsan da wani abu mai nisa, a ce mota da ke ajiye a gefen titi. Kada ka motsa hannun. Buɗe na hagu ka rufe na dama. Yatsan zai yi tsalle gefe. Tazarar idanun mutum kusan santimita 6.5 ce, daga ido zuwa yatsa kuma kusan sau goma ɗin haka. Don haka in ka ƙiyasta faɗin tsallen a can wurin motar, ka ninka sau goma, ka samu nisanta. Yatsa ya tsallake tsawon mota biyu, kowace mita huɗu? Mita 8 ke nan, motar na nisan kusan mita 80. Taka da ƙafa ka gwada. Wannan tsalle shi ake kira *parallax*, kalmar da za ka yi ta haɗuwa da ita.

Ƙa'idar ita ce: gwargwadon nisan abu, gwargwadon ƙanƙantar tsallensa, gwargwadon kuma buƙatar “idanu” masu tazara. A 1751 da 1752 Faransawa biyu, Lacaille a kudancin Afirka da Lalande a Balin, sun kalli wata a lokaci guda suka fitar da nisansa. Ka ga amfanin sanin girman duniya da muka fara da shi. Ga taurari kuwa duniya ta yi ƙanƙanta. Sai aka koma ga zagayen da take yi wa rana: a ɗauki hoton tauraro yau, a sake ɗauka bayan wata shida lokacin da muka koma ɗaya gefen. Tazarar idanun ta zama kilomita miliyan 300.

Duk da haka tsallen ɗan mitsitsi ne, shi ya sa aka kai 1838 kafin Bajamushe Friedrich Bessel ya iya auna na tauraron 61 Cygni. Ana raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida sunansa sakan na kusurwa, kuma babu tauraron da rabin tsallensa ya kai ko guda ɗaya cikakke. Lambar da ake wallafawa rabin tsallen wata shidan ce. Daga nan ma'aunin *parsec* ya fito: nisan da tauraro zai kasance in lambarsa sakan ɗaya ce cif, daidai da shekarun haske 3.26. Lissafin mai daɗi ne, domin raba 1 kawai za ka yi da lambar.

Gwada uku. Proxima Centauri, 0.768: raba 1 da ita ka samu 1.30, ninka da 3.26, shekarun haske 4.24. Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda aka ambata a cikin Suratun Najmi kuma Turawa ke kira Sirius, 0.379: parsec 2.64, shekarun haske 8.6. Kaza da 'ya'yanta, kusan 0.0074: parsec 135, shekarun haske kusan 440.

Na ƙarshen nan yana da labari. Tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Hipparcos, da ya yi aiki daga 1989 zuwa 1993 ya auna taurari kusan 118,000, ya ce Kaza na parsec kusan 120, sauran hanyoyi kuwa suna cewa 135. An shafe shekaru ana muhawara, domin in Hipparcos ne ke da gaskiya, to fahimtar masana game da hasken taurari na da gyara. Sai da magajinsa Gaia, wanda aka harba a Disamban 2013 ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya, ya zo ya tabbatar da 135 ɗin. In ka buɗe bayanan Gaia za ka ga lambobin da harufan *mas*, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A nan 1,000 za ka raba da lambar maimakon 1.

Wanda ya fi burge ni shi ne abin da kumbon New Horizons ya yi a Afrilun 2020. Yana nisan kusan kilomita biliyan 7 ya ɗauki hoton Proxima Centauri, aka ɗauki wani daga ƙasa a lokaci guda. Da aka jera hotunan biyu, tsallen tauraron ya fito ƙarara, ido kawai ya isa ya gan shi.

Mataki na shida: in tsalle ya ɓace, a koma ga haske

Gungun taurarin da muke ciki, wanda ake hango farin layinsa ya ratsa sama a daren da babu wata, faɗinsa kusan shekarun haske 100,000 ne. Tun kafin a kai ƙarshensa tsallen ya yi ƙanƙantar da ba a iya dogara da shi. Dabara ta gaba ta ginu ne kan ƙa'ida ɗaya: in nisa ya ninka biyu, haske na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka goma, kashi ɗaya cikin ɗari. Kunna fitilar waya a ɗaki mai duhu, ka riƙe farar takarda a mita ɗaya, sannan a mita biyu, ka ga yadda take dusashewa da sauri. Saboda haka in taurari biyu ƙarfin haskensu na asali ɗaya ne, na farko yana shekarun haske 100, na biyu kuma ya fi shi dusashewa sau 10,000, sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 10,000. Ɗari ce. Na biyun na shekarun haske 10,000.

Matsalar ita ce sanin hasken asalin. Wadda ta buɗe wannan ƙofa mace ce, Henrietta Leavitt, da ke aikin duba faifan hotunan sama a cibiyar nazarin taurari ta Harvard. Ta lura da wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, waɗanda ake kira Sefid. A 1912 aka wallafa abin da ta gano daga guda 25 da ke cikin ƙaramin gajimaren Magellan, wani ɗan gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu: wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayen haskensa, shi ya fi haske na asali. Tunda duk a wuri ɗaya suke, bambancin ba na nisa ba ne. Daga nan aiki ya zama hawa uku: ƙirga kwanakin zagayen, karanta hasken asali daga jadawalinta, kwatanta da hasken da ake gani. Sai dai dole a fara sanin nisan wasu Sefid na kusa ta wata hanyar, a kuma cire abin da ƙurar da ke tsakanin taurari ta rage.

A 1923 Edwin Hubble ya gano Sefid a cikin Andromeda da madubin hangen nesa mai faɗin inci 100 na Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya nuna cewa wani gungu ne daban, nesa da namu. Ya ce shekarun haske kusan 900,000. Yau mun san miliyan 2.5 ne. Ba sakaci ya yi ba. A 1952 Walter Baade ya nuna Sefid iri biyu ne da aka cakuɗa, gyaran ya ninka nisan gungunan waje gaba ɗaya. Kuskure a matakin ƙasa na tsani yana bin duk na sama, shi ya sa har gobe ake komawa ana sake auna taurarin kusa.

Inda Sefid suka dusashe, sai a nemi wani irin fashewar tauraro da ake rubutawa *Type Ia*, wanda ƙololuwar haskensa kusan ɗaya ce a ko'ina. Da shi ƙungiyoyi biyu suka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, aikin da ya samo wa Perlmutter da Schmidt da Riess lambar Nobel a 2011.

Mataki na bakwai: harafin z

Hasken da ya fito daga gungu mai nisa yakan iso a miƙe, launinsa ya karkata wajen ja, saboda sararin da ya ratso ya faɗaɗa yana kan hanya. Ana rubuta yawan miƙewar da harafin z. Georges Lemaître a 1927 da Hubble a 1929 suka nuna cewa gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin nisantarsa. A awon yau saurin kusan kilomita 70 ne a sakan ga kowane parsec miliyan ɗaya. In z ƙarama ce, ninka ta da 300,000, ka raba da 70. Tarin gungunan Coma na da z kusan 0.023, wato kilomita 6,900 a sakan. Raba da 70, kusan parsec miliyan 99, shekarun haske miliyan 320.

In z ta girma wannan gajeren lissafi ba ya aiki, kuma a nan ne jaridu suka fi ruɗa mai karatu. Madubin James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, ya hango gungu mai z sama da 14. Haskensa ya yi kusan shekara biliyan 13.5 a hanya, amma wurin da ya fito yanzu ya haura shekarun haske biliyan 30 daga nan, tunda sarari bai daina faɗaɗa ba. Wata jarida za ta ba ka lambar farko, wata ta biyu, kuma duka daidai ne. Duba ko *ago* aka rubuta ko *away*.

Mataki na takwas: ɗauki labari na gaske ka yi masa aiki

Buɗe shafin NASA ko na ESA ka zaɓi gajeren labari ɗaya. Karatun farko kada ka taɓa ƙamus, zagaye lambobi kawai da ma'aunansu. A na biyu, mayar da kowace zuwa lokacin haske, ka rubuta a gefe hanyar da kake zaton aka bi: sakan ko minti ko awa, rada ce ko saƙon kumbo, shekaru zuwa 'yan dubbai, tsalle ne, miliyoyi, Sefid ne ko fashewar tauraro, biliyoyi, z ce. A na uku ne za ka nemi ma'anar kalmomin da suka rage, kuma za ka tarar ba su da yawa.

Sannan ka faɗi abin da bakinka. Jimla iri uku sun ishe ka somawa: *The Moon is 384,400 kilometres away. Light takes eight minutes to reach us from the Sun. Jupiter is five times farther from the Sun than Earth is.* Canza sunaye da lambobi da waɗanda ka lissafa da hannunka, ka karanta su da ƙarfi, musamman dogayen lambobin, domin a nan harshe ya fi sarƙewa. Daga baya ka bayyana wa ƙaninka ko abokinka labarin da Hausa ba tare da duba takarda ba; inda ka tsaya cak, nan ne ba ka gane ba tukuna, sai ka koma kansa.

Ka kuma saba duba alamar ± da ke bin lamba a rubutun masana. In an rubuta 73 ± 1, ana nufin amsar na iya kasancewa tsakanin 72 da 74. Saba'in ɗin da muka yi lissafin Coma da ita tsaka-tsaki ce kawai. Masu hawa tsani ta Sefid da fashewar taurari suna samun kusan 73, waɗanda suka auna tsohon hasken farkon halitta da kumbon Planck kuma suna samun kusan 67, kowane ɓangare da ƙaramin ± ɗin da bai taɓo na ɗayan ba. Turawa na kiran wannan saɓani *Hubble tension*, kuma ana kan bincikensa. Sake lissafin Coma da 67, sannan da 73: na farko zai ba ka parsec miliyan 103, na biyu kusan miliyan 95.